Kada a Cire Leda

Jama'a, yau ba zan yi muku maganar layin mai ba, ko da yake daga can nake. Ga jarkata nan a bakin ƙofa yadda na fita da ita, ko warin fetur ba ta yi. Mai gidan man ya ce tanka tana hanya. Tun ina da baƙin gashi tankar nan take hanya, Allah ya kawo ta lafiya. Maganar yara zan yi muku.

Makarantar da nake koyarwa tana wani ƙauye tsakanin Haɗejiya da Guri. Ɗalibanmu 'ya'yan masunta ne da manoman shinkafa, sai 'yan kaɗan daga gidajen masu shanu. Yara ne masu hannu. Suna ɗinke koma idan ta yage, suna ratsa ciyawar kachala da kwalekwale, suna yini suna korar tsuntsayen jan-baki daga gona. Abin da suka rasa ɗaya ne: babu wanda ya taɓa riƙe mawus, wato ɗan abin nan mai igiya da ake turawa a kan tebur kibiyar kwamfuta tana binsa. Ga shi kuma 'yan ajin ƙarshe dole su shiga gari su yi jarrabawa a kan kwamfuta, wanda bai iya kai kibiya kan amsa ba kuwa, ko ya haddace littafin, ya faɗi.

Sai Allah ya jefo mana Mai Girma Sarkin Almakashi. Ya zo da jerin motocin da suka fi ajujuwanmu yawa, aka kafa rumfa, aka yanka ƙyalle, aka miƙa mana kwamfutocin cinya. Manhajar da ke cikinsu sunanta Linux. Ga wanda bai sani ba, aikin gayya ce. Mutane daga ƙasashe daban-daban ne suka haɗa hannu suka gina ta, suka ce kowa ya ɗauka kyauta, ya buɗe, ya gyara yadda ta dace da shi. A jawabinsa Mai Girma ya bayyana irin wahalar da ya sha da maƙudan kuɗin da aka kashe kafin a sayo mana ita. Muka tafa. Sayen abin da ake rabawa kyauta ai ba aikin ƙaramin mutum ba ne.

Mawus ɗin fa? Aka ce kwangilarsu daban ce, an ba wani bawan Allah, suna hanya. Ina kyautata zaton cikin tankar can aka zubo su.

Kafin motocin su tashi aka bar mana umarni: kada a cire leda, kada a taɓa komai na ciki, sai Babban Mai Duba Abin da Aka Riga Aka Duba ya zo ya gani da idonsa. Kowace kwamfuta an naɗe gindinta da leda mai kauri an bi da salatif, daga madannai har ɗan filin nan na ƙasansu da ake shafawa da yatsa a madadin mawus. A nan zan yi wa manyanmu adalci, don ba daga sama suka faɗo ba. Mu ne muke barin leda a kujerar sabon babur har ta tsufa ta zube da kanta. Maƙwabcina Baba Zarami, mai bandar kifi, rediyonsa ya yi jika amma har yau yana cikin rigar kanti.

Muka fara darasi ta bayan leda. Yaro ya shafa hagu, kibiya ta yi tsalle ta tafi sama. Ya ƙwanƙwasa da yatsa, shiru. Wanda ya taho daga bakin ruwa da danshi a hannu kuwa, tasa kibiyar rawa take yi kamar an sa mata kalangu. Na sa kowa ya goge hannu ya bushe kafin ya zauna, aka ɗan samu sauƙi. Sauran ciwon na san maganinsa. A cire leda, a shiga wajen saiti, a rage wa kibiya gudu, a kunna abin da ke sa ƙwanƙwasa yatsa ta zama dannawa. Ba ya kai tsawon shan shayi.

Na sami shugabanmu, Malam Safiyanu, na gaya masa.

Ya ce, “Malam Shu'ibu, ka ji umarni da kunnenka.”

Na ce, “Na ji, Malam. To amma yara ba sa koyon komai.”

“Ni saura kaɗan in yi ritaya. Kana so a ce a hannuna leda ta ɓata?”

Ban ga laifinsa ba. Mutumin kirki ne, tsoro ne kawai ya tsufa tare da shi.

Wadda ta fi damuna ita ce Amatullahi, 'yar wani masunci daga wajen Baturiya. Duk ajin babu mai kanta, lissafin da zan yi rabin allo ina warwarewa ita ta gama shi a ka. Bahaguwa ce. Tun tana ƙarama aka yi ta buge mata hannu har ta koma rubutu da dama, amma duk aikin da ke son nutsuwa, kamar zura zare a allura ko ɗaura ƙugiya, hagun ce take yi. Idan ta ɗora dama a wurin shafawa sai hannun ya hau karkarwa. Babanta ya ce ya yarda ta gwada jarrabawar sau ɗaya. In ta samu ta wuce, in ba ta samu ba ta dawo ta taya uwarta bandar kifi, don ba shi da ƙarfin gwaji biyu. Rannan na ga ta janye hannunta ta ɓoye cikin hijabi ta ce, “Malam, ni abin nan ba ya so na.”

Da yamma na kai ƙara wajen Baba Zarami yana juya tarwaɗa a kan wayar banda.

Ya ce, “Wai kayan na waye?”

Na ce, “Na yara ne, Baba.”

“To me ya hana yara?”

“Ba a ƙaddamar da kashi na biyu ba.”

“Kashi na ɗayan me aka yi?”

“An yanka ƙyalle.”

Ya yi dariya har hayaƙi ya sarƙe shi. Ya ce, “Malam, ai wannan ba a ba ku kaya ba, gadi aka ba ku. Ku nemi albashin maigadi.”

Washegari na shiga Haɗejiya na aro mawus ɗaya a wajen Haris, tsohon ɗalibina mai shagon buga takardu. Na yi wa kaina fatawa: umarni ya ce kada a cire, bai ce kada a ƙara ba. Na soka igiyar a jikin kwamfuta ɗaya. Kibiya ta motsa, amma tana tafiya tana cijewa, don teburin ma an lulluɓe shi da leda mai sheƙi, idon mawus kuwa ba ya gane hanya a kan abu mai sheƙi. Na yago gefen kwalin banda na shimfiɗa a ƙarƙashinsa. Nan take kibiya ta nutsu, sai dai ɗakin ya ɗauki ƙanshin kifi.

Daga nan na yi abin da aka hana. Na shiga saiti na rage gudun kibiya. Sannan na zo kan maganar maɓallai. Mawus yana da biyu a goshinsa. Na hagu shi ne mai buɗe abu, na dama kuma ɗan jerin zaɓi yake fitarwa. An tsara haka ne don manuniyar mai amfani da dama ta sauka a kan mai buɗewa. Masu gayyar nan sun tuna da bahagwai, sun bar wuri inda za a juya aikin maɓallan. Na juya su, na mayar da mawus ɓangaren hagu, na kira Amatullahi.

Ta waiwaya ta ga ko akwai mai kallo. Na ce, “Sa hannun da Allah ya ba ki.” Ta ɗora hagu. Kibiyar ta tafi kai tsaye inda take so ta tsaya cak. Ta danna, abu ya buɗe. Har aka tashi tara ba ta tashi ba.

Ana haka sai ga saƙo cewa Babban Mai Duba yana tafe. Aka share makaranta, aka dafa shinkafa da kifi, aka jera yara a rana tun hantsi. Ya iso bayan azahar da tawagarsa: mai riƙe jaka, mai riƙe waya, da wani wanda ban gano aikinsa ba sai dai duk abin da aka faɗa yana cewa haka ne. Cikin hidimar shinkafa na manta ban mayar da maɓallan yadda suke ba.

Ya zagaya yana shafa leda yana gyaɗa kai. Ya ce, “Madalla. Kamar yau aka kawo su. Haka ake son riƙon amana.” Sai idonsa ya faɗa kan mai mawus. Ya gyara babbar riga ya zauna, ya jawo mawus ɗin zuwa dama, ya danna maɓallin hagu kamar yadda ya saba a ofis. Ɗan jerin zaɓi ya fito. Ya sake dannawa, jerin ya sake fitowa. Ya danna da ƙarfi. Jerin bai ji tsoro ba.

Na buɗe baki zan ce, ranka ya daɗe, ɗaya maɓallin za ka danna. Sai na ji ƙafar Malam Safiyanu a kan tawa, da duk nauyin shekarunsa na aiki. Ya yi gaskiya. A ƙasar nan ba a gyara wa babba a gaban yaransa. Gara ka bar shi ya faɗa rijiya, ka yaba masa iya faɗawa. Kuma in na yi bayani, na tona cewa an taɓa na ciki. Na haɗiye maganata.

Babban Mai Duba ya jingina ya ce, “Wannan ta mutu.”

Mai jaka ya ce, “Ta mutu, ranka ya daɗe.”

Na ukun ya ce, “Haka ne. Tun daga ƙofa na ga alama.”

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ni dai ina kallon kwamfuta tana numfashi lafiya lau, amma wa ya tambaye ni?

Aka yanke hukunci nan take. Masu lafiya a kulle su a sito har kashi na biyu, kada ƙura ta taɓa su. Matacciyar kuma za a sa sayen madadinta a kasafin baɗi. Da ya ambaci kasafi na ga fuskarsa ta yi haske irin na mai azumi da ya ji kiran magariba. Mai jaka ya zaro jan alƙalami ya yi mata gicciye a murfi. Amatullahi tana bakin taga, ta kama ƙarfen da hannu biyu. Na san abin da take gani: uwarta, da wayar banda, da hayaƙi.

Malam Safiyanu ya rusuna ya ce, “Ranka ya daɗe, gawar fa? A sa muku a mota?”

Babban Mai Duba ya dubi bayan motarsa, inda aka riga aka jera kwalayen banda da buhun shinkafar da gari ya haɗa masa. Ya ce, “Ina wurin yake? Ku san yadda za ku yi da ita.”

Ƙurar motarsu ba ta kwanta ba Malam Safiyanu ya miƙo mini reza da hannunsa. Ya ce, “Umarni a kan masu rai yake.” Faɗuwa ta zo daidai da zama. Na tsarge ledar, na kunna ƙwanƙwasa yatsa, na nuna wa yaran wajen saitin don kowa ya iya da kansa. Mai dama ya juya maɓallai dama, mai hagu ya juya hagu. Ita Amatullahi na sa ta koyi duka biyun, don a ɗakin jarrabawa babu mai juya mata komai. Tun daga ranar ake bin layi a gaban marigayiya, kuma layi ne mai tafiya, ba irin wanda na baro ɗazu ba.

Ranar jarrabawa na raka su gari a bayan a-kori-kura. Da ta fito na tare ta na ce, “Yaya?”

Ta ce, “Na mayar da mawus ɗin hagu, babu wanda ya hana ni. Kibiyar ta bi ni har ƙarshe, Malam.”

Sakamako yana wajen Allah, amma hannunta bai yi rawa ba.

A hanyar komawa muka wuce ta bayan sito, inda sauran suke kwance cikin ledarsu, lafiyarsu ƙalau, gara tana zagaya su. Ta tsaya ta leƙa ta taga, ta daɗe. Ƙannenta biyu suna ajin baya.

Ta ce, “Malam, yaushe zai dawo duba waɗannan?”

Na ce, “Sai kashi na biyu. Me ya sa?”

Ta ce, “In ya kusa zuwa ka gaya mini. Zan juya musu maɓallai gaba ɗaya.”

Na yi mata faɗa, kamar yadda ya wajaba a kan malami, amma ban tsananta ba. Yarinyar ta gane cewa a wajenmu kayan yara ba sa zama na yara sai babba ya ce sun mutu.