Jakar da Na Raba Tukwici

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da muka dawo daga ɗaurin aure a wani ƙauye bayan Damagaram Takaya, duk da yanzu mantuwa ta fara cinye mini abubuwa da yawa. Wannan kam ta ƙi ciwuwa.

Ni mutumin Birni ne, palanto, wato ɗan aike, na yi a wani buro, ofis ke nan, har na yi ritaya. Matata, Hajiya Falmata, tana da ciwon fuka tun ƙuruciya. Idan ya taso mata, numfashinta kan riƙa fita da ƙara kamar ana busa kara, kuma babu abin da ke kwantar da shi sai ɗan maganin nan da ake fesawa a baki.

Aminina Malam Abari ne zai aurar da ɗansa, ga damina ta sauka sosai. Ana gobe za mu tafi, 'yarmu Yagana, wadda ke aiki a gidan likita, ta shigo da wata baƙar jaka ta ajiye a gabana.

"Baba, wannan ba ta biki ba ce, ta dawowa gida ce. Hanyar nan idan ruwa ya cika kwari sai an jira."

Ta riƙa fito da kaya tana bayani: tocila, gorar ruwa, dabino, rigar ruwa, ashana, da wata 'yar jaka ja mai zif. Ni kuwa kunnena na kan rediyo (ana labarin kokawa, ku yi mini uzuri), ina ta cewa "to, to, Allah Ya yi albarka." Ban ji abin da ta ce yana cikin ja ɗin ba.

Amma a mota ni ne na fi kowa sanin jakar. Na ɗora ta a cinya, na yi wa fasinjoji wa'azi kan tanadi. Na ce matafiyin da ba ya shirin dawowa bai gama hankali ba. Har wani saurayi na yi wa faɗa don ya fito ba ko ruwan sha. Hajiya tana gefe tana kallon taga.

Biki ya yi kyau. Washegari da za mu taho sai tsaraba ta fara fitowa. Matar Malam Abari ta kawo daddawa da busasshiyar kuɓewa, maƙwabta suka kawo gyaɗa, wata tsohuwa ta kawo ƙwan zabi a ƙwarya. Kun san dai mutumin birni ba ya karɓar kyautar ƙauye ya juya haka nan, sai da tukwici. Goron da na zo da shi ya ƙare tun jiya. Ga shi kuma babu inda zan zuba kayan.

Sai dabara ta zo mini, irin wadda ke zo wa mutum idan ana kallonsa. Na zazzage baƙar jakar a kan tabarma na hau rabo. Tocila ta Malam Abari, rigar ruwa ta ango, dabino na yara. 'Yar ja ɗin na matsa ta, na ji abu mai tauri, na ce a raina sabulu ne da man shafawa, na aika wa uwar ango. Aka yi ta godiya, wani ya ce, "Alhaji dai ba ya canzawa." Na ji daɗin maganar nan har cikin ƙashina. Hajiya tana cikin gida wajen sallamar mata, ba ta ga komai ba. Na cika jaka da tsaraba, na ja zif.

Ba mu kai gudro, wato kwalta, ba hadari ya sauko. Da la'asar muka tarar da kwari ya cika, ruwa na gudu ja wur. Direba ya kashe mota ya ce sai ruwan ya janye. Tagogi a rufe, tufafi a jiƙe, ga warin mai. Can na ji ƙarar da na sani.

"Malam," in ji Hajiya, tana dafe da ƙirji, "miƙo mini maganin. Nawa ya ƙare tun safe. Sabon yana cikin ja ɗin."

Na san ba ya nan. Amma maimakon in faɗa, sai na buɗe jakar na hau lalube, kamar daddawa za ta rikiɗe. Na fito da kuɓewa, na fito da gyaɗa, hannuna ya fito da ruwan ƙwai. Duk motar tana kallona. Saurayin da na yi wa faɗa (ashe tare za mu koma) ya ce a hankali, "Baba, ko ba jakar tanadin ba ce wannan?"

Dole na faɗi abin da na yi. Direba ya ce in kira Malam Abari ya biyo mu da babur, ba mu yi nisa ba.

A nan ne babban laifina yake. Na riƙe waya na kasa dannawa. Dattijo ya yi kyauta a gaban jama'a, sannan ya aika a dawo masa da ita? Na ce mu ɗan jira, wataƙila zai lafa, na fara tofa mata addu'a. Matata tana neman iska, ni ina lissafin abin da za a ce a ƙauye.

Ta kama hannun rigata. Da ƙyar ta haɗa maganar. "Malam. Kira shi."

Na kira.

Ban san tsawon lokacin da muka jira ba, na dai san leɓɓanta sun fara sauya launi. Wata mata ta tallafe ta a zaune, saurayin nan ya cire rigarsa yana yi mata fifita a bakin ƙofa. Malam Abari da kansa ya iso a bayan babur, tsoho da shi, jiƙe har wuya, ja ɗin a ƙunshe cikin hularsa. Ta fesa, ta sake fesawa, a hankali ƙarar ta kwanta.

Sai da ya ga ta buɗe ido sosai ya juyo gare ni. "Alhaji, tocila kam na gode. Amma duba da kyau, ko akwai sauran abin da ka ba mu na ran wani."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi.

A gida Yagana ta buɗe jaka ta ga kuɓewa. Kafin ta yi tambaya uwarta ta ce, "Ruwa ne ya tsare mu, babanki ya gaji, bar shi ya huta." Har yau Hajiya ba ta tayar mini da zancen ba. Ni ne daga baya na zauna na faɗa wa yarinyar, har da jinkirin wayar, kaina a ƙasa.

Abin da na koya da furfurata shi ne, na fi tsoron bakin mutane fiye da yadda nake zato, kuma saura kaɗan matata ta biya mini da ranta. Yanzu duk wanda ya kawo mini tsaraba, addu'a nake yi masa doguwa, har ya gaji da cewa amin. Ita dai ba a taɓa bin ta da babur a karɓo ba.