Ƙwarangwal Ɗin da Ya Yi Jami'a Biyar

Jama'a, ranar Talatar makon jiya saura ƙiris in rushe ilimi mai zurfi ni kaɗai, kuma ba da gangan ba. Mai ne ya ƙare mini.

Ga wanda bai sani ba, in na ajiye alƙalamin nan a-kori-kura nake ja, kuma shekara shida ke nan ina yi wa jami'o'i hidima. Duk sanda kwamitin tantance inganci zai je ya ga ko wata jami'a tana da kayan koyarwa, ni ake kira. In je inda kwamitin ya baro, in kwaso littattafai katan arba'in, madubin duba ƙwayoyin cuta guda goma sha biyu, tukwanen furanni, da wani ƙwarangwal na roba mai yatsu tara, in kai su inda kwamitin zai sauka. Suna tafe, ina gabansu da 'yan awanni. Maƙwabcina tela ya taɓa ce mini, "Kai fa kai ne ingancin, su rakiya kawai suke yi maka." Na ce ya rufa mini asiri ya ci gaba da ɗinkinsa.

To wannan karon abin ya zo har gida. Sashen da za a tantance shi ne wanda autata take shekarar ƙarshe. In suka faɗi, takardar da za ta fito da ita ba inda za a karɓe ta, shekara huɗu sun tafi a banza. Uwarta ta raka ni har bakin mota tana cewa, "Ka dai san kayan wa ka ɗauko yau."

Na sani. Amma masu girma da suka rantse mana cewa layin mai ya zama tarihi, Allah ya ƙara musu lafiya, ba su faɗa wa gidan man unguwarmu ba. Ƙarfe tara ta yi ina mota ta sittin da wani abu. Shugaban sashe ya kira ni sau bakwai. "Malam direba, kana ina? Ƙarfe goma za su iso! Kantocin laburare ba komai a kansu sai fenti!"

Ina cikin ba shi haƙuri wata dattijuwa mai tabarau ta fito daga motar da ke bayana tana miƙe ƙafa. Iska ta ɗaga tamfol, hannun ƙwarangwal ya leƙo. Na zaci za ta ƙwala ihu. Sai ta matso ta kama hannun ta ƙirga yatsun.

"A'a, mutumina! Kai ma layi kake bi?"

Na ce, "Hajiya, kin san shi ne?"

"Jami'a biyar muka haɗu. Ya fi wasu malaman zuwa aiki." Ta dube ni ta saman tabarau. "Ni ce shugabar kwamitin da kake tsere da shi."

Ban san lokacin da na cire hula ba. Na fara rantsuwar da ba wanda ya tambaye ni. Ta ce in kwantar da hankalina, ta zauna a kan bencin mai faci, ta ce in zauna. Ashe shekara talatin da ɗaya take wannan aiki. A kansa ta yi digirin dakta, a kansa ta zama farfesa, kuma fom ɗin da ake cikawa ita ta tsara shi tun tana da sauran baƙin gashi. Fom ɗin yana tambaya ko akwai littattafai, ko akwai madubai, guda nawa. Abin da ido ya gani ranar ziyara shi ake rubutawa.

Na ce, "Ranki ya daɗe, tunda kin sani, me ya hana a gyara?"

"An kafa kwamitin gyara," in ji ta. "Shekara goma sha ɗaya yana zama a otal. Bara suka amince da launin bangon rahoton."

Allah ya saka wa waɗannan bayin Allah da alheri, launi ba abin wasa ba ne.

Daga nan na daina zagaye-zagaye. Na ce, "Ranki ya daɗe, 'yata tana sashen nan. In kika kayar da su, ita kika kayar."

"Ta taɓa leƙa madubin nan?"

"Zana musu shi ake yi a allo, su kwafa."

Sai kunya ta rufe ni, don sau nawa madubin nan yana yini a ƙofar gidana cikin tamfol, yarinyar tana wucewa ta gefensa da littafin zanenta, ban taɓa tunanin komai ba sai kada ya fashe.

Farfesa ta miƙe ta kakkaɓe zanenta. Ta sa direbanta ya zuƙo ɗan abin da ya rage a tankinsu ya juye mini. "Wuce ka kai musu. Mu sai mun sha mai, ka ga kuna da awa uku. Ka ce a sa littattafan daidai, wancan karon rabinsu a kife suke."

Kwana uku suka yi suna zagaye. Aka raba wa ɗalibai fararen riguna masu karin guga, Mai Girma Shugaban Jami'a, uban ilimi, garkuwar bincike, ya yi jawabi a kan yadda ya raya ɗakin gwaje-gwaje da guminsa. Ina tsaye a bayan taga ina jiran a gama in kwashe kayana. Sai Farfesa ta tashi ta yaba ƙwarai, ta ce kayan sun burge ta, sashe ya ci. Sharaɗi ɗaya ne: za ta dawo kafin zangon karatu ya ƙare ta ga ɗalibai suna aiki da su, kuma ba za ta faɗi ranar ba.

Aka yi tafi. Shugaban sashe ma ya tafa, amma kamar mai kashe sauro. Ya lallaɓo wajena ya ce, "Malam direba, tafi kawai. Kaya sun zauna."

Shekaranjiya Auta ta shigo gida ko sallama ba ta gama ba, ta jefar da jaka. "Baba! Motsi suke yi! Wallahi motsi suke yi!" Ɗigon ruwa ɗaya malaminsu ya sa musu a ƙarƙashin madubi. Shekara huɗu tana zana waɗannan halittu tana cin jarrabawa a kansu, ba wanda ya taɓa gaya mata suna iyo. Ta zauna tana kwatanta mana da hannu, uwarta na dariya, ni kuwa na juya fuska ina gyaran hula don kada a ga idona.

Jami'a ta gaba a jerin kuma, na ji ta roƙi a ɗaga mata ziyara zuwa baɗi, wai tana wasu gyare-gyare. Gaskiya ne, ranka ya daɗe shugaban waccan jami'a. Gyaran yana hannun 'yata har ƙarshen zango.