Akwatin Lasifika Mai Inci Sittin da Biyu

Shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci, na yi wa masunta alkawarin haɗa akwatin lasifika irin na motar majigi, don bikinsu. Direban motar ya auna na motarsu, ya rubuta mini awon. Da zai karanta mini, na ce, "Bari, ai ni ma ɗan boko ne yanzu."

Faɗi inci 26 ya rubuta. Ni da na saba da allo, na faro daga dama, na karanta 62.

Kwana tara ina aiki a shago, ina yaba wa kaina, har na ƙara lasifika ta biyu don cike gurbi. Ranar biki akwati ya ƙi fita ƙofa. Sarkin ruwa ya zagaya shi, ya ce, "Malam kafinta, kwalekwale ne ko rumbu?"

Na ɗauki diga na fasa bango. Da muka kunna a bakin kogi, mutanen tsallake suka zaci hadari ne, suka kwashe shanya.

Bango na gyara shi. Amma har yau in na shiga kasuwar Haɗeja, sai in ji, "Sittin da Biyu, ina gajiya?"