A Ƙugu Ake Ganewa

Ranar da na je gaishe da surukaina a Kademi, kaina cike yake da sabon ilimi. Na karanta a waya cewa rina da zanzaro suna da wasu dangi marasa siririn ƙugu, kuma ba sa harbi. Ɗan zarto kawai macen take da shi, tana tsaga ganye ta zuba ƙwai. Abin ya burge ni, na matsu in sami wanda zan koya wa.

Muna zaune a gindin darbejiya sai ga wata ta sauka a bakin kwanon fura, ja, tana sheƙi, fukafukanta kamar baƙin gilashi. Surukina ya ce, "Malam, matsa, rina ce."

Na yi murmushi irin na masana. "Baba, ai ba kowacce ke harbi ba. A ƙugu ake ganewa. Wannan ba ta yi zanzaro ba."

Na kai fuska kusa don in tabbatar. Ashe fukafukai ne suka rufe ƙugun. Siriri ne kamar zare, tsarki ya tabbata ga Wanda ya halicce shi. Na gan shi sarai, daidai lokacin da ta same ni a leɓe.

Ihun da na kurma a gaban suruki, ba na son tunawa. Shi dai ya sunkuyar da kai yana ta yi mini sannu, kafaɗunsa na rawa.

Har yau in na shiga gidan, kakar matata sai ta dafe ƙugu ta ce, "Maigida, zo ka duba, ina harbi?"