Kufan Maya a Gidan Biki

Ba zan taɓa mantawa da wata takarda mai sheƙi da maigidana ya shigo da ita gida ba, a shekarun nan da kuɗin man fetur suka cika ƙasa, kowa yake tafiya yana buɗa hanci. Lokacin muna zaune a Tudun Wada, ni ina koyarwa a firamare, shi yana aikin gwamnati, aka zaɓe shi zuwa kwas na wata tara a Amurka. Aka ce yana iya tafiya da iyalinsa. Iyalin kuwa ni kaɗai ce, don aurenmu bai cika shekara biyu ba, kuma Allah bai kawo haihuwa ba tukuna.

Takardar ta masu shirya kwas ɗin ce. Sun ce in an gama karatu za a kwashi ɗalibai da matansu a wani ƙaton jirgin ruwa a zaga teku da su mako guda, kuma jirgin zai yini a gaɓar ƙasar Meziko. Ranar kowa zai sauka, amma tun yanzu sai ya zaɓi inda za a kai shi, ya yi maki a ɗaya daga cikin akwatuna uku, a mayar musu ta gidan waya. Akwatin farko wanka a bakin teku (ni da ko a rafin Kubanni na garinmu ban taɓa tsoma ƙafa ba). Na biyu kasuwa. Na uku ziyarar kufan wasu mutanen zamanin da, waɗanda ake kira Maya.

Malam, wato maigidan, ya ajiye min ita a kan tebur ya ce, "Ke ce mai son irin waɗannan abubuwa, ki zaɓa mana." Ya cire takalmi ya tambayi abinci, shi a wurinsa magana ta ƙare.

Ni kuwa a nan tawa ta fara. Akwai hoto a ƙasan akwati na uku: gini na dutse mai hawa hawa kamar dalar gyaɗa, a tsakiyar daji kore shar, ga teku shuɗi a bayansa, ba mutum ko ɗaya. Wallahi son wurin nan ya kama ni tun kallon farko. Na sa takardar a jaka, ina zuwa da ita makaranta. Yara suna rera biyu sau biyu huɗu, ni ina tsaye a bakin taga ina hawan matakala, ina jin iskar teku tana kaɗa min mayafi, har sai an kaɗa ƙararrawa in farga ashe tuni sun wuce gidan bakwai ba wanda ya ce su tsaya. Na tono wani tsohon kundin ilmi a ofishin hedimasta, na haddace duk abin da aka rubuta game da mutanen nan. In ina tankaɗe ina can. In na sa tuwo a wuta ina can (sau biyu ya kama).

Abu ɗaya ya tsaya tsakanina da wannan dutse: Hajiya, mahaifiyar Malam, wadda muke gida ɗaya da ita. Malam ba ya ɗaga ƙafa sai ta ce ɗaga. Da aka kai mata maganar tafiyata cewa ta yi, "Shi dai karatu zai je. Ke kuma me za ki je yi?" Na yi mako uku ina fama, ina dama mata fura da hannuna, ina yi mata tsifa, ina zama kusa da ita in ana tafsiri a rediyo. Daga ƙarshe ta ce in bari a gama bikin 'yar maƙwabtanmu, za ta faɗi abin da ta yanke. Ban yi makin ba tukuna, ina jiran bakinta.

Ranar yinin biki na ci leshina, na kafa ɗauri, na hau takalmi mai tsini. Aka kai mu ɗakin uwar amarya, inda manya suke. Mata sun cika shi maƙil, wasu daga cikin birni, wasu daga unguwannin Hanwa da Kwangila, ga alkaki da nakiya a faranti, ga turaren wuta. Hajiya tana gefe a kan darduma tana ɓantarar goro. Ina zama wata tsohuwa daga birni, Goggo Delu, ta ɗora min jikanta a cinya, jariri ɗan wata biyu, ta ce, "Riƙe shi, Allah ya kawo naki." Na ce amin a cikin ciki.

Sai Talatu, 'yar kawuna, wadda tsokanata ce sana'arta tun muna yara, ta ɗaga murya: "Ku gaida Malama da kyau fa, Amurka za ta."

Abin da ya kamata in ce shi ne "in Allah ya yarda," in sunkuyar da kai. Maimakon haka sai na ji hannuna a cikin jaka. Na zaro takardar, na miƙa, ta fara zaga ɗaki ana duba hoton.

"Wannan kuma masallaci ne?" in ji wata.

Na gyara zama na ce, "A'a, kufai ne. Garin wasu mutane ne na da."

Goggo Delu ta ce, "In kufai kike so, 'yar nan, ga na dutsen Kufena can bayan gari, sai kin ƙetare teku? Su waye mutanen?"

"Maya."

"Mayya?"

"A'a Goggo, Maya. Ba mace ɗaya ba ce, al'umma ce guda."

"To, mayu ke nan."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Da na bi su na yi dariya, da an wuce wurin an koma zancen kayan ɗakin amarya. Amma ni malama ce, kuma malamar da ta haddace shafi huɗu ba ta samu wanda za ta karanta wa ba. Na manta da inda nake. Idona yana kan hayaƙin turare, muryata ta yi laushi, na shiga ba su labari.

Na ce mutane ne masu ilmin da ba kowa ke da shi ba. Na ce idan kowa ya kwanta su hawa kan ginin nan suke yi suna karanta taurari, har su san abin da zai faru kafin ya faru. Dariyar ta ragu, ni na ɗauka sha'awa ce. Na ce wata rana kawai suka watse suka bar garuruwansu, daji ya cinye, har yau ana gardamar dalili, amma jikokinsu suna nan cikin mutane, ba za ka gane su ba sai an faɗa maka.

Wata ta ce, "Haka suke kam."

Na ji daɗi an fara fahimta. Na ƙara da cewa in suna neman wani abu a wurin abin bautarsu, har zuciyar mutum suke cirewa yana da rai.

"La'ilaha illallahu," in ji uwar amarya.

Talatu tana ta ƙifta min ido. Na ɗauka so take in ci gaba. Sai na dafa ƙirji da hannu ɗaya, ɗayan yana tallabe da jaririn mutane, na ce, "Ni wallahi tun da na san su ban ƙara samun sukuni ba. Jikina yana nan, amma kurwata tana can wurinsu. Ji nake kamar dangina ne."

Kurwa na ce. A cikin duk kalmomin da Allah ya hore wa Bahaushe, ita na ɗauko, kalmar da kowa ya san ita maye ke kamawa.

Nan take jaririn, wanda tun ɗazu yake barcinsa lafiya, ya buɗe baki ya tsanyara ihu. Ban ga lokacin da Goggo Delu ta taso ba, sai dai na ji cinyata wayam. Ta jijjiga shi, ta tofa masa addu'a, ya ƙi shiru. Aka miƙa wa uwarsa, ya ƙi kama nono. Sai a lokacin na sauko daga kan dutse na ga fuskokin da ke kallona.

Na ce, "Goggo, ba fa abin da kuke nufi nake nufi ba. Sunan ƙabila ne."

Ta ce, "Na sani, 'yar nan, ba wanda ya ce komai." Ta shimfiɗa zane a tsakiyar ɗaki, ta kwantar da yaron. "Amma don hankalin uwarsa ya kwanta, ɗan ƙetare shi. Ba don komai ba."

Ga wanda bai sani ba, haka ake sa wadda ake zargi da maita ta yi, don ta saki kurwar da ta kama. Na dubi Hajiya ko za ta ce wani abu. Idonta yana kan goronta. Idan na ƙi, an ce na ƙi. Idan na yi, an ce na yi. Na miƙe, na tattare leshina, na ƙetare jaririn nan sau uku a gaban matan birni da na Hanwa da na Kwangila. Ina sauke ƙafa a na ukun, ɗan banzan yaron ya yi gyatsa ya yi shiru.

Gyatsa ce fa kawai ta tokare shi. Amma je ka faɗa wa ɗakin nan. Talatu ta fice da gudu, ina jin ta a tsakar gida tana dariya har da tari. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige. Hajiya ta naɗe dardumarta ta ce, "Tashi mu je gida." Har muka isa ban daina hawaye ba, don na san tafiya ta rushe.

Washegari da na je gaishe ta, ta ce in kawo takardar. "Karanta min da Hausa, kuma kada ki ƙara ko kalma ɗaya daga kanki." Na karanta. Ina gamawa ta ce, "Za ki bi mijinki. Wata tara ya isa unguwa ta samu wani abin magana."

Na durƙusa ina godiya, har ina haɗa kalmomi.

"Ban gama ba. Ɗauko alƙalami ki yi makin a kasuwa. A gabana."

"Hajiya, duwatsu ne fa kawai."

"Na san duwatsu ne. Na san uwarki, na san kakarki, ba mayya a gidanku. Amma in kika dawo da hotonki a kan dutsen nan, wa zai ƙara ɗora miki ɗansa a cinya? 'Ya'yan da za ki haifa min kuma, wa zai nemi aurensu?"

Na yi makin, ta karɓa ta duba da kyau duk da ba ta karatun boko, ta ba Malam ya kai gidan waya da kansa.

Mun je. Na ga teku, na yi amai kwana biyu, na warke. Ranar da jirgi ya tsaya, motoci suna jere a bakin tasha, kowace da allonta. Ina tsaye ina kallo ta masu zuwa kufai ta cika, ta tashi, ta sha kwana ta shige cikin itatuwa. Tafiyar awa ɗaya ce, aka ce. Malam ya dube ni ya ce, "Ba wanda zai sani fa." Na ce ni zan sani, kuma in na gani ba zan iya yin shiru ba, na san halina. Muka hau ta kasuwa, na saya wa Hajiya mayafi, na saya wa kaina wata malafa da ban taɓa sawa ba.

Ban ƙara komawa ba, kuma yanzu gwiwa ba za ta hau matakala ba ko an kai ni kyauta. Abin da na tsira da shi ɗaya ne: in abu ya shiga raina, sai na fara shiga ɗaki ni kaɗai, in faɗi sunansa da ƙarfi sau biyu, in ji yadda zai sauka a kunnen tsohuwa, kafin in fito da shi gaban mutane.