Garzali Mai Fenti a Marina

Wani mutum ne a garinmu, Garzali Mai Fenti, mai rubuta allunan shaguna. Hannu kam akwai shi, sai dai bakin ya fi hannun gudu. Haruffansa ƙattai ne masu tumbi, wannan ya karkace, wancan ya ɗaga ƙafa, kamar 'yan rawa a gidan biki. Cewa yake yi makaho ma in ya gifta allonsa sai ya ji a jikinsa.

Rannan Baba Ilu, sarkin marina, ya kira shi. Akuya ta faɗa rijiyar rini, ana tsoron kada gobe a ce mutum ne. A rubuta gargaɗi. In ya yi kyau, allunan marina kaf nasa ne.

Baba Ilu ya nuna ƙofar shigowa. Garzali ya taɓe baki.

"Baba, wannan 'yar ƙofar ina za ta ɗauki rubutuna? A ba ni katangar can ta ƙurya."

Aka ba shi. Ya zuba ja, ya zuba ɗorawa, har idanu ya yi wa wasu haruffan. Da ya gama, ya je gida ya sha farar shadda, ya dawo karɓar yabo.

Marina suka taru. Baba Ilu ya tsaya jikin katanga, ya leƙa, ya karkata kai.

"Ɗana, ni fa kabewa nake gani jere. Me ka rubuta?"

"HATTARA DA RIJIYA, Baba."

"To gargaɗi ne yake dariya haka?"

Garzali ya ga aikin zai suɓuce. Amma ina, gogan bai saba shiru ba.

"Ai irin wannan rubutun ba a karanta shi da hanci. Na nesa ne. Ku kalle ni."

Ya fara ja da baya, ido a katanga.

"Kun gani? Ya fara fitowa."

"Garzali..." in ji wani marini.

"Bari in gama, malam. Daga nan fa? Raɗau. Wallahi wanda ya ga wannan ya kuma faɗa rijiya, to jaki ne."

Tsundum!

Sai hula tana yawo a kan ruwan baban rini. Can sai ga kai ya ɓullo, shuɗi shar, haƙora kaɗai ke fari. Yana tari, yana laluben bakin rijiya, farar shadda ta riga ta sha rinin da ba ta nema ba.

Baba Ilu ya tako a hankali, ya tsuguna, ya waiwayi katanga, ya gyaɗa kai.

"Gaskiyarka, ɗana, daga nan ya fito sarai. To ka ɗan ƙara nutsawa, kafaɗar hagu ba ta kama ba."