Yadda Za Ka Samu Sarauta Da Minjirya Ɗaya

Kai mai neman girma wajen Nasara, daina ɓarnar raguna da ƙwan zabi. Ga hanyar da Barau, ɗan kasuwar gyaɗa na Mallawa, ya bi lokacin da yake neman a naɗa shi sarkin kasuwa. Bi ta sawu a sawu. Sarauta kam tabbas ce, ko da kakanka bai taɓa ganin rawani ba.

Mataki na ɗaya: Gano abin da gidan ke so

Kada ka tambayi tafinta, shi ma nema yake. Tambayi kuku. Sule, kukun Kumandan, Nasaran da ke mulkin Magarya, shi ya tsegunta wa Barau cewa Madam, matar Kumandan, ta zo da akwatin gilashi cike da ruwa, da 'yan kifaye jajaye waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba.

"Na miya ne?" in ji Barau.

"Na kallo ne, Malam. Har suna gare su."

Kada ka yi dariya. Haɗiye ta, ka ce lallai Nasara ya san duniya.

Mataki na biyu: Zaɓi kifin da ya fi kowa mugunta

Karfasa ta talakawa ce. Tarwaɗa kowane tafki na da ita. Gaiwa tana cizo, amma muninta ya yi yawa. Babban gida sai minjirya, wadda in ka taɓa ta za ka ji kamar aradu ta shiga ta yatsanka ta fita ta ƙeya.

Barau ya tsallaka ƙasar Ingilishi, wajen dangin uwarsa a Haɗeja, ya samo ƙatuwa. Masunta suka ce masa ba ta zama da kowa. Ya ce ai haka manya suke.

Mataki na uku: Toshe kunne a gida

Ya iso da ita cikin tulu bisa jaki. Matarsa Ɗela ta leƙa, ta ja baya.

"Maigida, wannan za ka kai gidan mutane? Ko akuya mai tunkuyi ba a ba maƙwabci ajiya."

"Ke Ɗela, me kika sani game da mulki?"

"Ban san mulki ba. Na dai san abin da babban kifi ke yi wa ƙarami."

Kada ka kula. Masana sun ce shawarar da ba ta zo da kirari ba, hassada ce.

Mataki na huɗu: Zuba ta da hannunka

Sa babbar riga. Tuɓe takalmi tun daga bakin bariki, ka zube ka yi gaisuwa, ko da karen gidan ne ya fara fitowa.

Barau ya juye tulun cikin akwatin a gaban Kumandan da Madam. Minjirya ta ɗan zagaya kamar mai duba sabon ɗaki. Sai jajayen kifayen suka juya ciki sama, ta bi su tana haɗiya. Madam ta ƙwalla ƙara. Barau ya ga sarauta na shirin bin ruwa, ya zura hannu don ya ceci na ƙarshe.

Hula ta yi gabas, shi ya yi yamma. Ya zauna daɓas a ƙasa, dattijo da furfurarsa, yana kiran "Wayyo Inna!"

Mataki na biyar: Karɓi rabonka

A nan ake gane mai sa'a. Kumandan, wanda ko gardawan da ke gadin bariki ba su taɓa ganin haƙoransa ba, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe kifayen Madam sun daɗe da gundurarsa. Ya sa tafinta ya shelanta cewa daga ranar Barau ne Sarkin Kifi.

Ga aikin sarautar: ɗebo ruwa, wanke akwati, kamo 'yan kifaye a tafki don cimar gimbiya minjirya. In baƙi sun zo daga Damagaram, gardi ya je ya kira Sarki, ya naɗe hannun riga ya taɓa ta su sha kallo. In bai yi tsalle sosai ba, a ce ya sake.

Kakar gyaɗa ta zo ta wuce, Barau na cikin taɓo da komar kamun kifi. Sarautar kasuwa kuwa aka ba wani Tamu, wanda kaji kawai ya kai.

In ya dawo gida, Ɗela kan gasa masa hannu da ruwan ɗumi.

"Sannu da mulki, ranka ya daɗe. Yau sau nawa talakar taka ta gaishe ka?"

Sarki ba ya yawan magana.

Gargaɗi

Mai wannan shawara ba ruwansa in hannunka ya shanye, gemunka ya miƙe, ko abokan ciniki suka koma rumfar wani. Bai san ka ba, bai taɓa zuwa Haɗeja ba, kifi ma ba ya ci. In kana da ƙara, kai wa minjirya, don yanzu ta fi ka kusa da Kumandan.